SHIN HALBI A WUTSIYA YA FI KUSKURE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin gida da na dawa, Ya halatta masa masu tsarki daga cikinsu, kuma Ya sanya wa halaccin iyakoki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowa ya san cewa idan kaka ta wuce, aka zuba hatsi a rumbu, gonaki suka zama fili, samarin ƙasarmu sukan nufi daji neman nama. Tun daga Baudeta da ƙauyukanta har zuwa Gulbin Kaba wajen Mayahi haka abin yake: wasu da karnuka da sanduna, wasu da bindiga, wasu kuma har yanzu da kwari da baka irin na kakanni, suna bin zomo da zabon dawa da fakara. Akwai wata karin magana da ba ta rabuwa da bakinsu, wato halbi a wutsiya ya fi kuskure. Abin nufi, samun kaɗan ya fi rashi baki ɗaya. A fagen kasuwanci da neman ilmi da sadaka wannan magana gaskiya ce, babu mai ja da ita. Amma tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: shin gaskiya ce a inda aka haife ta, wato a gaban dabba mai rai wadda kibiya za ta shiga jikinta? Amsar da Shari'a take nuna mana ita ce a'a. Iya auna bashi ne da mahalbi yake ɗauke da shi, kuma wanda bai biya wannan bashi da horo da natsuwa ba, bai kamata ya saki kibiya ba.

MATSAYIN HALBI A MUSULUNCI

Kada wani ya zaci muna ƙasƙantar da wannan sana'a. A cikin Suratul Anfali aya ta 60 Allah Ya umurci muminai da su yi tattalin ƙarfi gwargwadon ikonsu, kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Uƙubatu ɗan Amir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya fassara wannan ƙarfi da halbi yana bisa mumbari, ya maimaita har sau uku. Shi dai Uƙubatu ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya koyi halbi sa'an nan ya watsar da shi. Imamu Buhari kuma ya kawo cewa Annabi (S.A.W.) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar halbi, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila (A.S.) mahalbi ne. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.), ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, shi ne farkon Balaraben da ya saki kibiya saboda Allah. Malamai ma ba su ɗauki abin da wasa ba, domin Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ba halbi babban kaso a cikin littafinsa Alfurusiyya.

A ƙasar Hausa kuwa baka ya daɗe yana yanke hukunci tsakanin runduna da runduna. A Tabkin Kwatto, cikin shekara ta 1804, ƴan baka ne suka tsaya gaban dawaki masu lifidi har rana ta zama tasu. A shekara ta 1899 da kibau mutanen Lugu suka tari ayarin Bule da Shanuwan, ayarin da ya ƙare a nan kusa da mu, a Maijirgi, cikin watan Yuli na wannan shekara. Yau bindiga ta karɓe filin daga, baka ya rage a hannun mahalba da masu tsaron gona da garke. Amma hukuncin Allah a kan kibiya bai canza ba don zamani ya canza.

HUKUNCIN KIBIYAR DA TA SAMU WUTSIYA

Asalin wannan babi shi ne hadisin Shaddadu ɗan Ausi (R.A.) wanda Muslim ya ruwaito, shi ne na 17 cikin Arba'una Hadisi da yaranmu suke haddacewa a makarantun Islamiyya. A cikinsa an sanar da mu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har da kisa da yanka, kuma aka umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. To, kibiyar mahalbi ita ce wuƙarsa. Mahauci yana da dama ya kwantar da akuya, ya laluba maƙogwaro da hannu, ya yanka a natse. Mahalbi ba shi da wannan dama, yankansa daga nesa yake yin sa. Abin da wasa wuƙa yake ga mahauci, shi ne iya auna ga mahalbi. Wanda ya fita farauta da hannun da bai horu ba, daidai yake da wanda ya kama rago da dasasshiyar wuƙa.

Mu dubi abin da yake faruwa idan kibiya ta samu inda ba makasa ba. Barewa ko gada da aka soka a cinya ko a ciki ba ta faɗuwa nan take. Gudu take yi da ƙarfe mai kunne a jikinta, kowane tsalle yana ƙara yaga nama, ta shige sarƙaƙiya ta ɓuya. Miki ya rube, ƙuda ya zuba tsutsa, ƙishirwa ta kama ta, ta yi kwana biyu ko uku tana jinya kafin ta mutu, ko dila ya same ta da sauran numfashi. Idan mai shayarwa ce, ɗanta ma ya bi ta. Mahalbi kuwa ya koma gida hannu wofi, yana cewa ai na same ta. Me ya samu? Da ya kuskure ta ɗungum, da asararsa kibiya ɗaya ce. Yanzu kuwa ya rasa kibiya, ya rasa nama, ya azabtar da rai, ya bar mushe a daji.

Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya sun bi wannan al'amari daki-daki, kuma duk wanda ya karanta babin farauta zai ga sharuɗɗan nan suna kai mutum wuri guda, wato kyautata auna.

Na farko, niyya da ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya. Dole mahalbi ya san abin da ya nufa. Shaihu Halil ya bayyana a cikin Muhtasar cewa wanda ya halbi abu yana zaton haram ne, misali ya ɗauka mugun dawa ne, sai ya tarar gada ce, ba za a ci ba, domin bai yi niyyar yanka ba.

Na biyu, kibiya ta huda da tsininta. Adiyyu ɗan Hatim (R.A.) ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da farauta da wani makami mai tsini a kai da kauri a jiki, aka ba shi amsa cewa abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen ya buge ya mutu kada a ci, domin bugagge ne, irin wanda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, saboda kibiyarmu ta kyauro ba ta da gashin tsuntsu a gindi da zai daidaita tafiyarta. Idan sakin bai yi kyau ba sai ta tafi a karkace.

Na uku, kada a yi sakaci wajen bin dabbar da aka halba. Idan aka tarar da ita da rai, kibiya ba ta huda makasa ba, wajibi ne a yanka. Wanda ya yi nawa wajen binta, ko ya bar wuƙarsa cikin jaka ko a hannun abokin tafiya har dabbar ta mutu kafin ya zaro, ya yi asararta.

Na huɗu, gaɓar da ta rabu da jikin dabba tana da rai mushe ce, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Waƙid Allaisi (R.A.) wajen Abu Dawuda da Tirmizi. Ashe ke nan ko da kibiya ta tsinke wutsiyar ta bar wa mahalbi a ƙasa, abin da ya tsinta ba ya ciwuwa.

Na biyar, maganar dafi. Mahalbanmu sun gaji shafa wa kibiya dafin kwankwani, kuma dafin nan shi ne ya raya waccan karin magana, tun da yake ko ina kibiya ta taɓa, dafi zai ƙarasa aiki. Amma a mazhabarmu, dabbar da aka halba da kibiya mai dafi, ba a huda makasa ba, ta mutu kafin a yanka, ba a cin ta, domin ba a tabbatar ko ƙarfe ne ya kashe ta ko guba ba. Saboda haka dafi ba ya ɗauke wa kowa nauyin iya auna.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Dajin ƙasarmu ba kango ba ne: akwai makiyayi da garkensa, akwai mata masu yankan kaba, akwai yara masu itace. Wanda ya saba sakin kibiya ga duk motsin da ya gani cikin sabara, wata rana ɗan mutum zai samu. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, kuma wanda bai sami wuyan da zai ƴanta ba, azumin wata biyu a jere ya hau kansa. Tun da Annabi (S.A.W.) ya umurci mai wucewa da kibau cikin masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya yi wa Musulmi rauni, ina ga mai sakinsu a kan abin da bai tantance ba?

YADDA AKE GYARA HANNU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin koyon halbi shi ne bayan gari, a kan buhun ƙaiƙayi ko damin kara da aka jingina a gindin tudu, inda ba hanyar mutane ko dabbobi. Bai halatta a koya a kan mai rai ba. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada hannu a kansa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da su cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwajin halbi. Iyaye su lura da wannan ga yaran da ke bin ƙadangaru da tsuntsaye da danƙo ba don ci ba.

Wani gwanin halbi na zamanin Mamalik mai suna Ɗaibuga, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 1368, ya ƙasa halbi zuwa ginshiƙai: riƙon baka, ɗana kibiya, kama tsarkiya, ja, duba, da saki. Sirrin dukansu ɗaya ne, wato a yi kowanne iri ɗaya a kowane lokaci. Ga lissafi mai sauƙi da zai nuna dalili. Idan tsawon kibiya santimita 70 ne, hannun da ke jan tsarkiya ya kauce da santimita 1 tak, to a nisan mita 20 kibiyar za ta kauce da kusan santimita 30. Wannan ya isa ya ɗauke ta daga ƙirjin barewa ya kai ta ciki ko cinya. Saboda haka ga abin da mai koyo zai kiyaye:

Ya zaɓi baka daidai ƙarfinsa. Bakan da ya fi ƙarfin mutum yakan sa kafaɗa rawa, ya tilasta masa saki kafin ido ya zauna. Girman kai ne ke sa saurayi ɗaukar bakan da ba zai iya riƙewa a jaye ba.

Ya daidaita kibansa, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, ya miƙar da kyauron da ya tanƙware, ya wasa tsini.

Ya san idon da ke jagorancinsa. Ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, sa'an nan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsa a kan abin, shi ne jagora.

Ya kafa wa hannunsa matsaya guda wadda zai riƙa kaiwa a kowane ja, kada yau nan gobe can.

Bayan saki ya bar hannun baka a miƙe, ido a kan wurin, har kibiya ta isa. Mai saurin sauke hannu don ya ga inda ta faɗa, shi ke karkatar da ita.

Ya fara daga taki biyar. Idan kibau goma a jere suna taruwa cikin faɗin tafin hannu, ya ƙara taki biyu. Nisan da suka fara warwatsewa, nan ne iyakarsa, kuma wannan iyaka ita ce zai tafi da ita daji. Ya gwada a tsaye, a durƙushe, a tsugune, da hantsi da kuma dab da almuru, domin dabba ba ta jiran mutum ya gyara tsayuwa. Kibiya ashirin kullum cikin natsuwa sun fi ɗari biyu rana ɗaya cikin gajiya, kuma wannan ya dace da abin da muka sani cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Kada nisan da ake gani a gasar duniya ya ruɗi kowa. A wasannin Olimfik ana halbi daga mita 70, amma allo ake halbi mai faɗin santimita 122, wanda ba ya motsi kuma ba ya jin ciwo. Dabba kuwa tana da kunne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya, kibiyar bakan itace ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ƙarar tsarkiya tana riga kibiya isa, dabba ta zabura, abin da aka auna a ƙirji ya sauka a baya. Iyakar nisa, iyakar wannan haɗari. Shi ya sa tsofaffin mahalba suka fi ba da ƙarfi ga sanɗa da dako da lura da iska, har sukan ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe don su kusanci nama. Rabin iya auna a ƙafa yake. Wurin da ake nema kuwa shi ne bayan ƙafar gaba, inda zuciya da huhu suke, lokacin da dabba ta ba da gefe tana tsaye.

YADDA AKE TARA ZUCIYA

Sau da yawa za ka ga saurayin da ba ya kuskuren buhu, amma ranar da barewa ta tsaya gabansa sai ƙirji ya riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, ya saki kibiya bai san lokacin da ya saka ba. Hannunsa lafiya lau yake, zuciyarsa ce ta riga shi gida da nama: tana lissafin kuɗin da zai samu a kasuwar Tasawa, tana jin kirarin da za a yi masa gaban Sarkin Baka, tana tsoron dariyar abokai. Allah Ya faɗa mana a aya ta 4 ta Suratul Ahzabi cewa bai sanya wa wani mutum zukata biyu a cikinsa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Zuciyar da ke wajen rabon nama ba ta wajen auna.

Babban darasi a nan shi ne na ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Annabi (S.A.W.) ya ajiye mahalba 50 a kan wani tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair (R.A.), ya umurce su kada su bar wurin ko an yi nasara ko ba a yi ba. Gwanaye ne, kibansu sun tsare dawakin abokan gaba. Amma da suka hangi ganima, mafi yawansu suka sauko, Halidu ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo ta baya, aka yi shahidai 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza (R.A.). Aya ta 152 ta Suratu Ali Imrana ta bayyana cewa a cikinsu akwai mai nufin duniya akwai mai nufin lahira, kuma ta sanar da cewa Allah Ya yafe musu. Ba a rasa iya halbi a tudun nan ba, abin da ya raba hankali shi ne hangen abin da za a samu kafin a gama aikin da aka sa mutum.

Maganin wannan ciwo yana da matakai. Mahalbi ya zaɓi ɗan ƙaramin wuri a jikin dabba, kamar tabo ko inda gashi ya kwanta, ya kafa ido a nan, ya manta da ƙaho da girman jiki, domin mai auna dabba gaba ɗaya gefenta yake samu. Wata malamar jami'a a ƙasar Kanada, Joan Vickers, ta auna motsin idanun ƴan wasan ƙwallon kwando da na'ura a shekara ta 1996, ta gano cewa gwanaye sukan tsayar da ido wuri guda tun da wuri, su daɗe a kansa kafin su jefa, alhali na kasa da su idonsu yawo yake yi. Daga baya an ga irin wannan ga masu halbi. Sa'an nan ya ja numfashi, ya sauke rabinsa, ya ambaci sunan Allah da zuciya a farke, ya saki. Bisimillar da Shari'a ta wajabta a daidai wannan lokaci rahama ce ga mahalbi kansa, domin tana tsayar da shi tsakanin gani da saki, tana tuna masa cewa ran da zai ɗauka yana da Mai shi. Wanda kuma hannunsa ya saba kubcewa tun bai shirya ba, ya koma taki uku gaban buhu, ya rufe ido ya riƙa ja da saki har jiki ya manta da gaggawa, ya kuma saba da jan baka ya auna sa'an nan ya mayar da tsarkiya a hankali ba tare da ya saki ba. Wanda bai iya fasawa ba bai gama koyon halbi ba.

Amma makarantar tara zuciya mafi girma tana hannunmu sau biyar kowace rana. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta tambayi Annabi (S.A.W.) game da waiwaye cikin salla, ya sanar da ita cewa fizge ne da Shaiɗan yake yi daga sallar bawa. Ya taɓa mayar da wata riga mai zane ga Abu Jahmi domin zanenta ya ɗauke masa hankali a salla. Ammaru ɗan Yasir (R.A.) ya ruwaito cewa mutum yakan idar da salla ba a rubuta masa komai ba sai kashi ɗaya cikin goma nata, ko cikin tara, har zuwa rabi. Wanda ya horar da idonsa ga wurin sujada, ya saba komo da zuciyarsa duk lokacin da ta kubce zuwa kasuwa ko gona ko wayar salula da ke aljihu, ya riga ya mallaki abin da mahalbi yake nema. Ba a banza ba ne mahalban Daular Usmaniyya, a filin kibiya na birnin Istambul, ba su ɗaukar baka sai da alwala. Kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya koya wa Sayyidina Ali (R.A.) ya roƙi Allah shiriya da dacewa, ya ce idan yana roƙon shiriya ya tuna da shiriyar hanya, idan yana roƙon dacewa ya tuna da miƙewar kibiya zuwa ga abin da aka nufa. A harshenmu ma kalma ɗaya muke da ita, kuskure, ga kibiyar da ta kauce da kuma aikin da ya kauce.

HUJJAR MAI IYALI DA HUJJAR ƘADDARA

Wani zai ce: Malam, kai kana magana ne a kan buzu. Ni ina da iyali, rumbu ya yi ƙasa, na yini ina yawo, sai ga nama can nesa. In ban gwada ba, da me zan koma? Wannan magana tana da nauyi, kuma Shari'a ba ta raina ta ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce, malamai kuma sun ce takan zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa. Amma mu yi lissafi da gaskiya. Halbin nesa da ake yi bisa sa'a, sau nawa yake kawo nama gida? Mafi yawa yakan kori dabba, ya tafi da kibiya, ya sa naman wurin ya ƙara wayo. Mai iyali shi ya fi kowa bukatar haƙurin ƙarin taki goma na sanɗa. Kuma ba a ce sai ya sami yaƙini ba, domin babu mai yaƙini a kan abin da bai faru ba. Abin da ake nema shi ne rinjayen zato wanda aka gina bisa horo. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya halba cikin iyakarsa, iska ta kaɗa ko dabba ta zabura, babu laifi a kansa, sai dai ya bi sawu da gaske har ya ƙarasa ta.

Wani kuma zai ce: ai samu da rashi duk na Allah ne, har ya kawo aya ta 17 ta Suratul Anfali inda Allah Ya jingina jifar ranar Badar zuwa gare Shi. Haƙiƙa babu kibiyar da ke isa sai da izininSa. Amma ayar nan ta tabbatar wa Annabi (S.A.W.) da jifa kafin ta jingina isarwa ga Allah, wato bawa yana da aikinsa. Mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Ƙaddara tana hana gwani yin alfahari idan ya samu, tana sanyaya masa rai idan ya rasa. Ba ta zama mafakar malalaci ba.

DAJIN DA YA RAGE

Dattawanmu sun ga lokacin da barewa ke kusantar gonaki. Farin 1973 da na 1984, da yawan jama'a, da faɗaɗar gonaki sun cinye mafi yawan dajin da ke tsakanin garuruwanmu. Raƙuman dawa da suka taɓa yawo a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 kacal a shekara ta 1996, a yankin Kure. Da aka tsare su suka ƙaru, har aka ɗauki 8 a shekara ta 2018 aka kai gandun Gadabeji a nan jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. A ranar 29 ga Afrilu 1998 ƙasarmu ta kafa dokar da ta tsara farauta da kare namun daji. Ya wajaba mahalbi ya nemi sanin abin da aka hana da lokacin da aka hana wajen ma'aikatan gandun daji, domin biyayya ga hukuma cikin abin da yake maslahar jama'a addini ne. A dajin da ya rage kamar namu, kowace dabbar da aka raunata ta mutu a ɓoye an ɗebe ta ne daga rabon jikokinmu, ba tare da ta shiga tukunyar kowa ba. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi, haƙƙinsa kuwa shi ne a yanka a ci.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, mu bar waccan karin magana a kasuwa da makaranta inda take da amfani. A daji kuwa mu riƙe wata wadda kakanninmu suka bar mana, cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muna kira ga sarakunan baka da manyan mahalba da kada su bar yaro ya bi su daji sai sun gwada hannunsa a kan buhu sun san iyakarsa. Muna kira ga malamai su karantar da babin farauta kamar yadda suke karantar da babin layya. Muna kira ga samari su sani cewa wanda ya ja baka, ya ga nisa ya yi yawa ko bai tantance abin da ke gabansa ba, ya mayar da kibiyarsa cikin kwari saboda tsoron Allah, ya yi aikin lada ko da ya koma gida hannu wofi, kuma Mai arzutawa ba Ya manta da shi.

Allah Ya shiryar da mu, Ya daidaita niyyoyinmu da ayyukanmu, Ya sanya tausayin bayinSa a zukatanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Allah Ya gafarta mana, da iyayenmu, da malamanmu, da dukan Musulmi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.